Layin masu azurfa da tagulla a Kasuwar Kurmi

Kasuwar Kurmi tana tsakiyar birnin Kano, a gefen rafin Jakara, kuma tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) take ci. A cikin lungunanta akwai rumfunan da ake baje aikin maƙeran fari, wato masu sarrafa azurfa da tagulla da jan ƙarfe, saɓanin maƙeran baƙi masu ƙera fartanya da gatari.

Mai lura zai ga kayan sun rabu gida biyu. Azurfa tana tafiya ne a zobe, munduwa, 'yan kunne da adon kuben takobi. Tasa, buta, faranti da kwanon sha kuwa na tagulla ne, da yawansu aikin Nufawan Bida. Addini yana cikin dalilan wannan rabuwa: shari'a ta hana ci da sha a ƙoƙon zinariya ko azurfa, kodayake malaman Malikiyya sun yarda namiji ya sa zoben azurfa, a kuma yi wa takobi da Alƙur'ani ado da ita.

A ƙasar Jamus abin ya sha bamban. A ƙarni na 17 da na 18 maƙeran biranen Augsburg da Nuremberg sun shahara da manyan kofunan azurfa masu murfi, waɗanda ake bugawa daga ciki har furanni da 'ya'yan itace su taso a jikinsu. Wasu ma tsabar kuɗi ake jerawa a bangonsu. Kanawa su ma sun san tsabar azurfar Turai, musamman mai hoton Sarauniya Mariya Tariza ta Ostiriya, wadda ake ta bugawa da shekarar 1780 ko da an yi ta daga baya. Nauyinta giram 28 ne, kashi biyar cikin shida azurfa. A da fatake ke kawo ta ta hamada, maƙeri ya narkar da ita ya zuba munduwa.

Adon tasa aikin haƙuri ne. Maƙeri kan ɗora ta a kan kututture, ya kafa bakin ɗan ƙarfe a jikinta, ya riƙa ƙwanƙwasawa da ƙaramar guduma, ɗigo bayan ɗigo, yana juya ta da hannun hagu har layin ya zagayo. Dagi, ganye da zanen igiya sun fi yawa. Siffar mutum ba kasafai ake ganinta ba.

Azurfa da awo ake sayar da ita, sannan a yi cinikin ladan aiki. Tagulla kuwa ido ne ke yanke mata kuɗi, shi ya sa tayi da albarka kan yi tsawo. 'Yan koli kan sari ƙananan kaya su kai kasuwannin ƙauye. Sai dai kwanukan masana'anta sun ƙwace wa tasa gurbinta a jeren amarya, don haka masu sayenta yanzu galibi fadawa ne, masu neman tsaraba da baƙi 'yan yawon buɗe ido.