Daga Janareta Zuwa Sola: Yadda Cajin Waya Ke Sauyawa A Daura

A unguwar Kusugu da ke Daura, wayar hannu ta zama jarin matasa. Da ita ake tura kuɗi, da ita ake tallan kaya a WhatsApp. Sai dai waya ba ta aiki sai da caji, wutar KEDCO kuwa ba kullum take zuwa ba.

Shekara da shekaru, ƙaramin janareta ne ke rufa wa masu shagon caji asiri. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta haura naira 500, sai masu hali suka fara komawa sola. Inda aka kafa ta, hayaƙi da ƙara sun ragu, kuɗin mai ya zauna a aljihu.

Amma sola ma tana da nata haɗarin. Yawancin batira masu araha suna ɗauke da dalma da asid. Idan batiri ya mutu aka fasa shi a bola, gubar na iya sauka ƙasa ta gurɓata ruwan rijiya, yara kuma su ne dalma ta fi yi wa illa.

Don haka, mai sola ya riƙa goge ƙurar hunturu daga farantinsa, kada ya bar batiri ya tsotse ƙarƙaf, in ya mutu kuma ya mayar wa dillali.