Fetur a Baki, Hayaƙi a Huhu

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen ɗan bumburutu ya san yadda ake yi: a zura tiyo cikin jarka, a zuƙa da baki har man ya taho, a tofar da abin da ya shiga. A gareji kuwa, da fetur bakanike yake wanke baƙin mai daga hannunsa kafin ya ci abinci.

A cikin fetur akwai wani sinadari, benzin, mai shiga jiki ta numfashi da ta fata. Ɓargo yake nufa, inda ake sarrafa jini, kuma an daɗe da tabbatar da cewa yana haddasa sankarar jini. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya, IARC, da ke birnin Liyon na Faransa, ta sa shi a rukunin farko, wato abubuwan da babu tantama suna haddasa ciwon daji. Hayaƙin injin dizal ya shiga rukunin a 2012, na walda ya biyo baya a 2017. Mai walda dai yakan kare idonsa da baƙin gilashi, amma huhu ko oho. Madarar da wasu ke sha bayan aiki wai don ta wanke ƙirji, ciki take tafiya, ba ta bi ta huhu.

Batun ba sabo ba ne. Tun 1775 wani likitan Landan, Percivall Pott, ya lura cewa masu sharar bututun hayaƙi tun suna yara, sankarar fatar maraina na kama su bayan sun girma, ya kuma ɗora laifin a kan kunkunniya. Wahalar ke nan: cutar ba ta gaggawa. Alal misali, cutar da ƙurar asbestos ke haddasawa takan yi shekara 20 zuwa 50 kafin ta nuna kanta, lokacin da mutum ya bar sana'ar, sai a ce tsufa ne ko sammu.

Dokar diyyar ma'aikata ta Nijeriya ta 2010 ta ce mai kamfani ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya a asusun NSITF, kuma ta haɗa da cututtukan sana'a. Sai dai yaron gareji ba shi da takardar albashi. Kariyarsa tana hannun maigidansa da ƙungiyarsu: famfon hannu a madadin baki, sabulu a madadin fetur, rumfar walda mai shan iska, da takunkumi mai matata, don ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare wannan hayaƙi.