Shirin Musamman: Kundayen da Masana Kemistiri da Fiziks ke Komawa Gare Su

 Shirin namu na yau zai leƙa wani lungu na laburare, inda ake jera littattafan da ba a ba da aronsu, sai dai a duba a mayar.

Duk ɗalibin da ya zauna ajin kimiyya a sakandare ya haddace cewa ruwa yana tafasa a digiri 100 na ma'aunin Salshiyos. To amma idan aka ɗora tukunya a Jos, garin da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ruwan zai tafasa tun wajen digiri 96, domin matsin iska ya ragu a can sama. Malamin bai yi kuskure ba. Lambar ce take da sharaɗi: digiri 100 ɗin na bakin teku ne. Irin waɗannan lambobi, tare da sharuɗɗansu, su ne aka tara a kundayen da muke magana a kansu.

Kundi ya sha bamban da littafin koyarwa. Littafin Ababio na kemistiri ko na Anyakoha na fiziks, waɗanda ɗaliban Najeriya suka sani sarai, babi-babi ake bin su don a fahimci darasi. Shi kuwa kundi ba a karanta shi daga farko zuwa ƙarshe. Mai bincike yana buɗe shi ne da tambaya guda a baki: a wane zafi wannan sinadari ke narkewa, nawa ne nauyinsa, yana narkewa cikin ruwa ko kuwa a'a? Ya samu amsa, ya rufe, ya koma bakin aikinsa.

Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne CRC Handbook of Chemistry and Physics, kuma asalinsa abin mamaki ne. Kamfanin da ya fara buga shi a birnin Cleveland na Amurka, gab da ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya, sana'arsa ta farko ita ce sayar da rigunan roba da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje ke ɗaurawa don kare jikinsu daga sinadarai. Bugun farko ɗan ƙarami ne, shafi 116 kacal. Da tafiya ta yi tafiya, littafin ya danne sana'ar robar, wasu bugunansa suka haura shafi 2,000, har masana suka riƙa kiransa littafin roba. A 2019 aka fitar da bugu na 100.

Sai dai Jamusawa sun riga Amurkawa farkawa a wannan fage. Tun 1817 Leopold Gmelin ya fara fitar da kundinsa na kemistiri. A 1881 kuma Friedrich Beilstein, wanda aka haifa a Saint Petersburg ta Rasha, ya fara wallafa nasa a kan sinadaran da ke ɗauke da kabon, irin waɗanda ake samu a jikin tsirrai da dabbobi da man fetur. Ya tattara bayanin sinadarai kusan 15,000 cikin juzu'i biyu, yana bin mujallun kimiyya ɗaya bayan ɗaya yana tsamo abin da aka gano. Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Daga baya wasu suka ɗora, kuma kafin a daina buga shi a takarda a 1998 ya kai juzu'i sama da 500. Masu harhaɗa magunguna su ma suna da nasu, wato Merck Index, wanda ya fara fitowa a 1889, yayin da Kaye da Laby suka ba masana fiziks na Birtaniya nasu jadawalin a 1911.

Me ya sa ake ta sake buga waɗannan littattafai, alhali ƙarfe da gishiri ba su canza hali ba? Amsar ita ce, kowace lamba a cikinsu wani ne ya auna ta, da na'urar zamaninsa, kuma wanda ya zo daga baya yana iya auna ta fiye da shi.

Labarin sinadarin galiyam ya isa misali. Dmitri Mendeleev, malamin jami'a ɗan Rasha, yana cikin rubuta wa ɗalibansa littafin koyarwa ne a 1869 ya tsara jadawalin sinadarai da ake liƙawa a bangon azuzuwa har yau. Ya bar wasu gurabe babu kowa, ya ce akwai sinadaran da ba a gano ba tukuna, har ya faɗi yadda siffofinsu za su kasance. A 1875 wani Bafaranshe, Lecoq de Boisbaudran, ya gano ɗaya daga cikinsu, ya sa masa suna galiyam. Da ya auna nauyinsa gwargwadon girmansa, sai ya samu 4.7. Mendeleev, wanda bai taɓa riƙe ƙarfen a hannunsa ba, ya rubuto cewa a sake dubawa, lambar ya kamata ta kusanci 5.9. Bafaranshen ya ƙara tace ƙarfen, ya sake aunawa, sai ga 5.9. Ita ce lambar da kundi ke ɗauke da ita yau, kusa da wata da ke nuna cewa galiyam yana narkewa a ƙasa kaɗan da digiri 30. Ke nan a zafin bazarar Sakkwato, ko a inuwa aka ajiye shi zai zama ruwa.

Wani lokacin ma ba awon ne ke canzawa ba, yarjejeniyar masana ce. Ɗaliban da ke shirin jarrabawar WAEC da NECO sun saba da lambar 22.4, wato yawan litar da mol ɗaya na iskar gas ke cikewa a daidaitaccen yanayi. Ɗalibin jami'a na iya buɗe sabon kundi ya ci karo da 22.7, hankalinsa ya tashi. Dalili shi ne, a 1982 ƙungiyar masana kemistiri ta duniya, IUPAC, ta ɗan rage matsin iskar da ake ɗauka a matsayin daidaitacce. Lambobin biyu duk gaskiya ne, kowacce a ƙarƙashin nata sharaɗin, kuma sharaɗin yana nan rubuce a saman jadawali ko a ƙasansa da ƙananan haruffa, wurin da mai gaggawa ke tsallakewa.

Hatta kilo bai tsira ba. Daga 1889, kilogiram na duniya wani dunƙulen ƙarfe ne na filatinam da iridiyam da aka kulle a Sèvres, kusa da birnin Paris. Shekaru suna wucewa aka lura cewa shi da kwafe-kwafensa na wasu ƙasashe sun fara saɓa wa juna da ɗan abin da bai kai ko kusa da nauyin ƙwayar gero ba. Ga mai awon hatsi a kasuwa wannan ba komai ba ne, amma ga masanin fiziks babban lamari ne. Daga ranar 20 ga Mayu, 2019, aka jingina ma'anar kilogiram a kan wata tabbatacciyar lamba ta fiziks mai ɗauke da sunan Max Planck. Haka aka yi wa gudun haske tun 1983, aka tsayar da shi a mita 299,792,458 cikin daƙiƙa ɗaya. Duk kundin da aka buga kafin waɗannan shekaru yana ɗauke da tsohuwar ma'ana.

A nan ne batun ya shafi ɗalibanmu kai tsaye. Sabon bugu yana da tsada, da kuɗin waje ake sayensa, shi ya sa ba abin mamaki ba ne a tarar da tsohon bugu a kan kantar laburare. Tsohon bai zama shara ba, domin yawancin lambobinsa sun wadatar da aikin aji. Abin da ake so daga mai amfani da shi shi ne ya duba shekarar bugu, ya duba ma'aunin da aka yi amfani da shi, ya duba zafi da matsin iskar da aka yi awon a kansu, sannan ya rubuta duka a rahotonsa yadda wani zai iya bin sawunsa.

Intanet kuma ta buɗe wata ƙofar. Kundayen Beilstein da Gmelin sun koma rumbun kwamfuta mai suna Reaxys, wanda sai an biya kuɗi. Amma hukumar awo ta Amurka, NIST, ta saka dubban bayanan sinadarai kyauta, haka ma rumbun PubChem da aka buɗe a 2004. Ɗalibar da ke binciken kanwa a Maiduguri, ko ɗalibin da ke nazarin shunin marinar Ƙofar Mata a Kano, na iya duba siffofin sinadaran da ke cikinsu daga wayar hannu, ya ga lambar da kuma inda aka samo ta.

Jadawalin da Mendeleev ya bar wa gurabe yanzu yana ɗauke da sinadarai 118, huɗu na ƙarshe a 2016 aka raɗa musu suna, kuma ɗakunan gwaje-gwaje a Japan da Rasha da Amurka suna ƙoƙarin samar da waɗanda za su biyo baya.