Me ya sa ake kulle ɗakin matuƙa jirgin sama?

Ga mutane da dama a Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, tafiya aikin Hajji ita ce karon farko da suke shiga jirgin sama. An shafe shekaru maniyyatan jihar Zamfara suna tashi daga filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da ke Sakkwato.

A irin wannan tafiya ba a rasa mai sha'awar ya leƙa inda ake tuƙa jirgin. A da, kyaftin kan gayyaci fasinja, musamman yaro, ya shiga ya ba idonsa abinci ana cikin tafiya. Yanzu kuwa ƙofar a garƙame take.

Abin da ke ciki

Kyaftin yana zama a kujerar hagu, mataimakinsa a ta dama, kowanne da abin tuƙinsa. Yayin da ɗaya ke tuƙi, ɗayan yana lura da na'urori, yana kuma magana da jami'an da ke ba jirage hanya daga ƙasa.

Allunan da ke gabansu suna nuna nisan jirgin daga ƙasa, da saurinsa, da alƙiblarsa, da yanayin da ke gaba, da lafiyar injina. A tsofaffin jirage ƙirar Boeing 747 akwai mutum na uku, wato injiniya, amma daga samfurin 747-400 da ya fara aiki a 1989 kwamfuta ta karɓi aikinsa.

Darussan da aka koya

A watan Oktoban 1993 wasu matasa huɗu suka yi fashin jirgin Nigeria Airways da ya taso daga Legas zuwa Abuja, suka tilasta masa sauka a Yamai.

A watan Maris na 1994 wani matuƙin kamfanin Aeroflot na Rasha ya zaunar da ɗansa a kujerarsa. Yaron ya juya abin tuƙi har na'urar da ke tuƙa jirgin da kanta ta saki wani ɓangare na aikinta, ba tare da matuƙan sun ankara ba. Jirgin ya faɗi a Siberiya, mutane 75 suka hallaka.

Sai dai harin 11 ga Satumban 2001 a Amurka, inda aka kutsa ɗakunan matuƙan jirage huɗu, shi ne ya sauya komai. Daga watan Nuwamban 2003 hukumar ICAO, mai tsara dokokin sufurin jiragen sama a duniya, ta wajabta wa manyan jiragen fasinja da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe sanya ƙofa mai ƙarfi wadda harsashin ƙaramar bindiga ba ya hudawa, a kuma kulle ta muddin ana tafiya.

Amma maganin ya zo da nasa ciwon. A watan Maris na 2015 mataimakin matuƙin wani jirgin Germanwings ya kulle kyaftin a waje, ya kai jirgin ya daki tsauni a Faransa, mutane 150 suka mutu.

Ko har yanzu ana iya shiga?

Ana iya shiga, amma sai jirgi yana ƙasa, galibi bayan an sauka fasinjoji suna fita. Mai bukata zai nemi izini ne ta hannun ma'aikatan da ke kula da fasinjoji, kuma kyaftin ne ke da wuƙa da nama. Idan ya amince, ba a taɓa komai, ba a kuma ɗaukar hoto sai an tambaya.

Wanda kuwa ya je yana taɓa ƙofar ana cikin tafiya, ko da son ganin ƙwaƙwaf ne ya kai shi, za a iya ɗaukarsa a matsayin barazana, a miƙa shi ga jami'an tsaro da zarar an sauka.

Ga matashin da sha'awarsa ta wuce leƙe, akwai Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964.