Schelomo: Kiɗan da Ernest Bloch Ya Tsara a Kan Sarki Sulaiman

Schelomo kiɗa ne na kimanin minti 20 wanda Ernest Bloch ya kammala tsarawa a birnin Geneva na ƙasar Siwizalan a shekarar 1916. Sunan Sarki Sulaiman ne da Ibrananci. An tsara shi domin babban rukunin makaɗa da kuma selo guda ɗaya, wato wani ƙaton goge na Turawa da ake kafawa a ƙasa tsakanin gwiwoyi, mai murya kusa da ta namiji baligi.

An haifi Bloch a Geneva a 1880 a gidan Yahudawa. Ya koyi kiɗa a Beljiyam da Jamus, kuma ayyukansa na farko salon Turawan zamaninsa suka bi. Daga 1912 zuwa 1916 ne ya karkata ga asalinsa, ya tsara kiɗa a kan wasu surorin Zabura da wani dogon aiki mai suna Israel. Schelomo ne cikamakinsu.

Tushen aikin shi ne littafin Kohelet, wanda Yahudawa ke jingina wa Sulaiman, inda mai mulki da dukiya da hikima ya auna duniya ya ga ba ta da tabbas. Bloch ya rungumi littafin a tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da samarin Turai ke mutuwa a ramukan yaƙi. Da farko ya so mawaƙi ya rera kalmomin, sai harshe ya zame masa cikas: Faransanci da Jamusanci da Ingilishi ba su gamsar da shi ba, Ibranancinsa kuwa bai kai ba. Ana cikin haka ya haɗu da Alexandre Barjansky, gwanin selo, da matarsa Catherine mai sassaƙa. Jin kiɗan Barjansky ya sa ya ajiye kalmomi, ya bar wa selo maganar Sulaiman.

Wannan shawara ita ce ƙarfin aikin. Selon yakan yi ƙorafi, ya yi tambaya, ya yi shiru, rukunin makaɗa su amsa da ƙasaitar fada da hayaniyar jama'a. A tsakiya akwai wani karin da ake cewa Bloch ya ji daga bakin mahaifinsa. Ban da wannan, bai tattaro tsofaffin waƙoƙin majami'a ya jera ba. Ya bayyana cewa tono kiɗan dā ba shi ne burinsa ba, abin da yake nema shi ne ruhin da yake ji a cikin littattafan kakanninsa. Shi ya sa mai sauraro ke jin kamannin karatun addu'a ba tare da an ɗauko wata addu'a takamaimai ba. Aikin yana ƙarewa da selo a can ƙasan muryarsa, babu lallashi.

An fara kaɗa shi a zauren Carnegie na New York ranar 3 ga Mayu, 1917, Hans Kindler na riƙe da selo. A lokacin Bloch ya riga ya koma Amurka, inda ya zama ɗan ƙasa a 1924. Ya tsara wani kiɗa mai suna Baal Shem a 1923, ya kuma zurfafa karatun Ibrananci domin Avodath Hakodesh, kiɗan ibadar Asabar da ya gama a 1933. Ya rasu a jihar Oregon a 1959, kuma har yau Schelomo ne aikinsa da aka fi kaɗawa.