Dillalin Saƙo: Inda Saƙonni Ke Kwana Idan Sabis Ya Ɗauke

A watan Satumba na 2021, gwamnan Sakkwato na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya sanar da katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Rabah da Goronyo. Duk wanda ya tura wa ɗan'uwansa da ke can saƙon WhatsApp, tik ɗaya kawai yake gani. Ma'ana saƙon ya isa uwar garken kamfanin, yana jiran wayar mai karɓa ta hau intanet. WhatsApp na riƙe irin wannan saƙo har kwana 30, in ba a karɓa ba ya goge shi.

Akwai manhajojin da aikinsu ke nan, karɓar saƙo da riƙe shi da miƙa shi ga mai shi. Masana na kiran su dillalin saƙo, kuma sunan ya dace. Manomin da ya kai albasa kasuwar Achida a ƙaramar hukumar Wurno ba sai ya san mai saye ba, ya bar buhunansa hannun dillali ya koma gona. Haka na'ura ke miƙa wa dillali saƙo ta ci gaba da aikinta.

Ɗaya daga cikin ƙa'idojin da dillalan nan ke magana da su ita ce MQTT. Andy Stanford-Clark na IBM da Arlen Nipper suka ƙirƙiro ta a 1999 don sa ido kan bututun mai ta tauraron ɗan'adam, inda data ke da tsada kuma layi ke yawan yankewa. A 2011 Facebook ya yi amfani da ita a Messenger, saboda ba ta cinye batir.

Sai dai dillali na aiki ne da umarnin da ya karanta lokacin da aka tayar da shi. A ɗauka wani matashi ya dasa na'urar auna ruwa a gonar shinkafa da ke ƙasan madatsar ruwan Goronyo, ya ɗora dillalin Mosquitto, wanda kyauta ne, a kan ƙaramar kwamfuta mai aiki da sola. Cikin dare batir ya mutu, da hantsi kwamfutar ta sake tashi. Abin da ya rubuta a fayil ɗin mosquitto.conf shi zai nuna ko saƙonnin jiya na nan.

Na farko, ajiya. Idan bai rubuta persistence true ba, saƙonnin suna ma'adanar wucin gadi ne, wuta na ɗaukewa sun tafi. Ko ya rubuta, Mosquitto na adanawa ne duk bayan minti 30, don haka a inda wuta ba ta da tabbas gara a rage tazarar.

Na biyu, tsawon layin jira. Dillalin na riƙe wa wayar da ba ta kan layi saƙo ne kawai idan ta nemi a ajiye mata zamanta, kuma saƙon na matakin tabbaci na 1 ko na 2 ne. Iyakar da ya zo da ita saƙo 1,000 ce. Na'urar da ke aikawa duk minti ɗaya za ta cike layin cikin ƙasa da awa 17, daga nan sababbin saƙonni su riƙa zubewa, manomi bai san ruwa ya ja baya ba.

Na uku, ƙofa. Tun fitowar Mosquitto 2.0 a Disambar 2020, dillalin ba ya sauraron kowa daga waje sai an buɗe masa ƙofa. Ƙofa ta 1883 na wuce da saƙo a fili, ta 8883 kuma a kulle. Wanda ya buɗe ƙofa ba kalmar sirri don ya huta, duk wanda ya gano adireshin zai iya karanta bayanansa, har ya kunna masa injin ban-ruwa.

Na ƙarshe, a saita dillalin ya riƙa tashi da kansa tare da kwamfutar, na'urori kuma su riƙa sake neman haɗuwa da shi har su samu.

Gwajin ba shi da wuya. A kashe datar waya, a tura saƙonni goma daga na'urar, a jira lokacin adanawa ya wuce, a zare wutar kwamfutar a mayar, sannan a kunna data. Idan goman ba su iso cif ba, da sauran gyara kafin a kai kayan gona.