Kafin ka sayi laftof ta hannu: abin da tambarin Core i7 ba ya gaya maka

A bara ne wani ƙanena da ke ajin ƙarshe a jami'a ya shigo min da fara'arsa, riƙe da laftof ɗin da ya saya don rubuta furojet. Wata bakwai yana tara kuɗin. Ya nuna min ɗan tambarin da ke manne kusa da madannai, ya ce, "Yaya ka gani, Core i7 ce fa, kuma ta fi wata i5 da na gani a shagon araha." Da na buɗe bayanan cikinta sai na ga an rubuta i7-4600U. Kamfanin Intel ya fitar da wannan furosesa tun a shekarar 2013. Waccan i5 ɗin da ya bari, kamar yadda ya kwatanta min, ta girme ta a ƙarfi nesa ba kusa ba, duk da cewa ta fi ta ƙuruciya a shekaru.

Mai shagon bai yi masa ƙarya ba, i7 ɗin ce kuwa. Ƙanen nawa ne bai san tambayar da ya kamata ya yi ba. Mafi yawanmu kwamfuta ta hannu muke saya, irin waɗanda aka yi amfani da su a ofisoshin Turai da Amurka aka kawo, ko a titin Beirut da ke Kano, ko a Computer Village ta Ikeja, ko a shagon unguwa. Babu laifi a hakan, da yawansu ma sun fi sababbi masu araha ƙwari. Abin da kake buƙata kawai shi ne ka san abubuwa huɗu zuwa biyar da za ka duba da idonka kafin kuɗi su bar aljihunka.

Yadda kwamfuta ke aiki, a taƙaice

Ka ɗauka gida ne ake shirin biki, ana dakan hatsi. Akwai rumbu inda hatsin yake a ajiye, akwai masaki da aka ɗebo hatsi aka ajiye a gindin turmi, sannan akwai masu daka. Rumbun shi ne ma'adana, inda fayilolinka da manhajoji ke zama ko an kashe kwamfuta. Masakin shi ne RAM, wato abin da ake aiki a kansa yanzu-yanzu. Masu dakan su ne furosesa. In masu daka ƙarfafa ne amma masakin ƙarami, dole a riƙa tsayawa ana komawa rumbu. In kuma rumbun yana can bayan gari, to kowa zai tsaya riƙe da taɓarya yana jira. Saurin kwamfuta yana tsayawa ne a kan wanda ya fi kowa nawa a cikin ukun nan.

Furosesa: karanta lambar da ke bayan sunan

Sunayen i3 da i5 da i7 suna nuna matsayi ne a cikin zubi ɗaya, kamar a ce ƙarami da matsakaici da babba a 'ya'yan shekara guda. Intel kuwa kusan duk shekara tana fitar da sabon zubi, wanda 'yan kasuwa ke kira janareshan. Ana gane shi ne daga lambar da ke biye da sunan. A i7-4600U, lambar farko 4 ce, zubi na huɗu kenan. A i5-8250U, zubi na takwas. In lambar ta fara da 10 ko 11 ko 12 ko 13, kamar i5-1135G7 ko i5-1235U, to lambobi biyun farko za ka ɗauka.

Me ya sa wannan ya fi tambarin muhimmanci? Ita i7-4600U ƙwayoyin aiki biyu gare ta, wato masu daka biyu. Ita kuwa i5-8250U da ta fito a 2017 guda huɗu gare ta, kuma kowanne ya fi na da iya aiki. A zubi na takwas ne Intel ta ninka yawan ƙwayoyin a irin waɗannan furosesoshin na laftof masu harafin U a ƙarshe. Shi ya sa i5 ta zubi na takwas ke wuce i7 ta zubi na huɗu, ko ta shida, ko ma ta bakwai a yawancin ayyuka.

Akwai dalili na biyu. A ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 kamar yadda ya saba, sai dai wani ƙarin wa'adi na gyaran tsaro da ya buɗe wa masu amfani na gida zuwa Oktoban 2026. Windows 11 kuwa a hukumance tana neman Intel zubi na takwas zuwa sama, da wani ɗan ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0. A laftof masu AMD, in ka samu Ryzen mai lamba 3000 zuwa sama ka tsira. Kada ganin Windows 11 a kan allo ya ruɗe ka, domin akwai dabarun da masu gyara ke bi su ɗora ta a kan tsohuwar na'ura, kuma Microsoft bai yi alƙawarin ci gaba da aika wa irin wannan na'urar gyara ba.

Yadda za ka duba a shago: danna Ctrl da Shift da Esc a tare, wani shafi mai suna Task Manager zai buɗe, sai ka shiga sashen Performance. A nan za ka ga cikakken sunan furosesa, da yawan RAM, da nau'in ma'adana. Minti ɗaya ya ishe ka.

RAM da ma'adana

Windows 11 tana iya tashi da RAM mai 4GB, amma tashi kawai. Da ka buɗe burauza da shafuka goma, ga Word, ga wani PDF, masakin ya cika, sai na'urar ta koma amfani da ma'adana a madadin RAM, a nan ne za ka ga tana daskarewa. Don karatu da aikin ofis nemi 8GB. In za ka yi zanen gini, ko tace bidiyo, ko nazarin bayanai masu yawa, to 16GB. Ka tambaya kuma ko ana iya ƙara RAM ɗin nan gaba, saboda a siraran laftof da yawa an like shi ne a jikin allon na'urar, yadda ka saye ta haka za ta ƙare.

Ma'adana iri biyu ce. HDD faifai ne na gaske da ke juyawa, a laftof yawanci sau 5,400 a minti, da wani ɗan hannu da ke kai-komo yana neman inda bayani yake. Kowane nema yana cin wajen kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Kamar ba komai ba, amma tashin Windows kaɗai yana buƙatar dubban irin wannan nema. SSD ba ta da abin da ke motsi, lantarki ne zalla, tana gano bayani cikin lokacin da ya gaza wancan kusan sau ɗari. Don haka in aka ajiye maka mai HDD 1TB da mai SSD 256GB, ɗauki mai SSD. Wurin ajiya ana iya ƙarawa daga baya. Ga kuma wani amfanin: faɗuwa ko girgizar babur na iya lalata HDD, SSD kuwa ta fi jurewa.

Wani abu da ke jawo rigima a banza: ka sayi 256GB ka ga Windows ta nuna kusan 238GB. Ba a cuce ka ba. Masu ƙera ma'adana suna lissafa gigabait ɗaya a matsayin bait 1,000,000,000, Windows kuma tana lissafa shi a 1,073,741,824. Ma'aunin ne ya bambanta.

Batir: ɗari bisa ɗari na me?

A garin da wuta ke zuwa tana tafiya, batir ne rabin darajar laftof. Kuma a nan aka fi yaudarar ido. Mai shago zai nuna maka 100% a ƙasan allo. To, ka tuna randar da laka ta cika rabinta: in aka zuba ruwa za ta cika har baki, amma ruwan rabin na da ne. Batirin litiyam haka yake. Duk caji da saukewa yana haddasa wasu ƙananan sauye-sauyen sinadarai a ciki da ke cinye wani ɓangare na litiyam ɗin, ba ya dawowa. Zafi yana hanzarta wannan, shi ya sa batir ke saurin tsufa a wurin da zafin Afrilu ke haura digiri 40.

Windows tana ajiye lissafin wannan. Buɗe Command Prompt, ka rubuta powercfg /batteryreport, ka danna Enter. Za ta nuna maka inda ta ajiye rahoto, sai ka buɗe shi. Nemi layi biyu: Design Capacity, wato abin da batirin ke ɗauka yana sabo, da Full Charge Capacity, abin da yake iya ɗauka yau. A ce na farko 50,000 mWh ne, na biyu 25,000. In na'urar tana cin wat 10 a aiki mara nauyi, da tana sabuwa awa biyar za ta yi, yanzu awa biyu da rabi. Ni dai in na ga ya gaza kashi 70 cikin ɗari, sai na sa kuɗin sabon batir a cikin ciniki. In kuma ka ga wurin jan linzami ya ɗago, ko murfin ƙasa ya buɗe a gefe, batirin ne ya kumbura. Wannan haɗarin gobara ne, kada ka karɓa sai an canza shi.

Sauran abubuwan da za ka gwada kafin ka tashi

Sake kunna na'urar ka shiga BIOS, yawanci da F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad ta Lenovo. In ta nemi kalmar sirri kuma mai shagon bai san ta ba, ajiye ta. Kwamfutocin da suka fito daga kamfanoni wani lokaci suna zuwa a kulle, ranar da kake son sauya wani saiti za ka makale. In MacBook ce, tabbatar babu asusun iCloud na wani a kanta, in ba haka ba wata rana za ta kulle ta bar ka da ƙarfe.

Kunna bidiyo ka bar shi ya yi kwata ɗaya na awa, ka saurari fanka, ka taɓa ƙasan na'urar. Furosesa in ta yi zafi da yawa da kanta take rage gudu don kada ta lalace, saboda haka laftof da ƙura ta toshe wa hanyar iska za ta yi sauri a minti biyar na farko, daga nan ta fara jan ƙafa. Buɗe shafin rubutu ka danna kowane maɓalli. Soka filashi a kowace kafar USB. Gwada kyamara, da lasifika, da Wi-Fi. Buɗe farin shafi da baƙin shafi ka nemi tabo ko layi a allon. Ka duba girman hoton allon ma: 1920 x 1080 ya fi 1366 x 768 daɗin karatu sosai, musamman in za ka wuni a gabansa.

Sai caja. Karanta rubutun jikinta, ka ga ƙarfin wat ɗinta ya kai abin da na'urar ke nema, galibi 45 ko 65. Caja ta asali tana ɗauke da 100 zuwa 240V, don haka ko daga Amurka ta zo za ta yi aiki da wutarmu. Wadda ka ji ta sakayau a hannu, ka yi shakkarta, domin cajar jabu na iya ƙona abin da ya fi ta tsada sau ashirin.

A ƙarshe ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin na'urar, da adadin kwanakin garanti a rubuce. Maganar baki ba ta tsaya maka ranar da na'ura ta ƙi tashi. Mai shagon da ya san kayansa ba zai hana ka rabin awa na gwaji ba, wanda ya fara gaggauta ka kuwa ya riga ya ba ka amsa.

Shi ƙanen nawa bai mayar da tasa ba, kwanakin garantin sun wuce kafin ya kawo min. Mun cire HDD muka sa mata SSD, muka kai RAM ɗin 8GB, ta kuwa kai shi ƙarshen furojet lafiya. Amma da ya haɗa kuɗin gyaran da na saye, sai ya tarar sun kai farashin waccan i5 da ya bari a shago. Sayen nagari mayar da kuɗi gida, in ji Bahaushe. Kafin ka fita kasuwa, rubuta a takarda aikin da za ka yi da kwamfutar, da zubin furosesa, da yawan RAM, da nau'in ma'adana da kake nema, ka riƙe takardar a hannu har a gama ciniki.